Ƙwaƙwalwan Shi Ya Ƙone

Harrison ɗan Keturah ne ya ɓata wa ɗana suna. Na faɗa a gaban uwarsa, na faɗa a bakin shagonsa mutane suna ji, ga shi ina ƙara faɗa. Da bakinsa ya yi, bakin da na sha cika wa da tuwo da miyar yakuwa. Yau a cikin garin Yola akwai wani gida, gidan mutunci, inda in an ambaci Abdulhakim sai mata su sassauta murya su ce Allah ya ba shi lafiya. Lafiyarsa ƙalau. Yaron nan ko goro ba ya ci. Saboda maganar Harrison aka dawo mana da kayan sa ranarsa, kuma in ba a gyara maganar ba, auren ya tafi ke nan.

Sunana Ruƙayyatu. Man gyaɗa nake matsa, ina toya ƙuli-ƙuli a unguwar Jambutu, nan Jimeta. Ban yi boko ba, ban san ta inda ake kunna kwamfuta ba, amma a watannin nan an tilasta mini na san cikinta fiye da yadda nake so.

Daga Mubi muka zo, shekarar da 'yan bindigar nan suka shiga garin. Da ƙafa muka fito, ni da maigidana Malam Hamman da Abdulhakim, lokacin muryarsa ba ta gama buɗewa ba. Da muka iso Jimeta ba mu san kowa ba. Keturah ce ta gan mu zaune a gindin bishiya kusa da tasha, tana dawowa daga coci. Ta tsaya ta dube mu, ta ce mu tashi mu bi ta. Ta fitar da buhunan masararta daga wani ɗaki ta ba mu, kuma har yau a ɗakin nake. Shi ya sa maganar nan take mini nauyi a baki. Ɗan matar da ta rufa mini asiri nake tuhuma.

Malam ya iso Jimeta da ƙafafunsa, hankalinsa ne bai iso tare da mu ba. A kan idonsa aka kashe ƙaninsa a bakin hanya. Tun daga nan sai ya zauna ya fuskanci bango ya wuni. In babur ya yi ƙara a waje sai ya shige ƙarƙashin gado, dattijo da furfurarsa. Wani lokaci ya fito tsakar gida ya yi ta kiran awakin da muka baro a Mubi, kowacce da sunanta. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce hawan jini ne, likita ya hana shi hayaniya. Keturah ta sani. Ɗanta ma ya sani, don shi yake taya ni janyo Malam daga ƙarƙashin gadon. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi da mutuncinsa.

Harrison gyaran kwamfuta yake yi, yana da shago a bakin titi, tsakanin mai walda da mai cajin waya. Shi ya ɗauki Abdulhakim ya koya masa aiki, ban manta ba. Da abubuwa suka lafa, wata ƙungiyar agaji ta rufe ofishinta ta bar tarkace, Harrison ya kwaso. A cikin tarkacen akwai wata tsohuwar kwamfuta, ƙatuwa, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Ya tashe ta, ya bar wa Abdulhakim a kusurwar shagon. Da ita yaron ya kama sana'ar bidiyon biki. In ya ɗauko biki sai ya zuba mata, ya yanka nan ya haɗa can, ya sa kiɗa da sunan ango da na amarya, sannan ya bar ta ta dafa aikin. Haka yake cewa, tana dafawa. Da yake ta tsufa, in ya ɗora da safe sai la'asar yake saukewa.

Abin da ya sa yake ji da ita, ƙwaƙwalwa biyu gare ta. A cikinta akwai wani koren allo mai faɗin faranti, da mazauni biyu a kansa, kowane mazauni da wani ɗan ƙarfe siriri kamar fuskar kwalin ashana. Masu sana'ar suna da sunansa na Turanci, amma in za su yi wa irina bayani, ko su yi wa mai kawo gyara, ƙwaƙwalwa suke cewa. Ɗaya daga cikin biyun ta taɓa mutuwa tuntuni, aka nemo mai kama da ita aka sa. Suna aiki tare, amma ba tagwaye ba ne.

A wurin ɗaukar wani biki ya haɗu da Yusra. 'Yar cikin Yola ce, mahaifinta ya rasu, ƙanin mahaifin ne yake riƙe da ita, Bappa Bobboyi, babba ne a wata ma'aikata. Ranar da Abdulhakim ya faɗa mini gidan da ya nufa na ce masa ya rufa mana asiri, mu da muka shigo garin nan da zani ɗaya. Amma aka je gaisuwa suka karɓe mu. Aka kai goro da alawa da dabino aka sa rana bayan Sallah. Na dawo gida ranar nan na kasa cin abinci, Keturah tana yi mini tsiya wai uwar ango ta fara yanga tun ba a ɗaura ba.

Sai bikin 'yar Bappa Bobboyi ta cikinsa ya taso, ya ba Abdulhakim aikin bidiyon, a matsayin ɗan gida. Dangi sun zo daga Garwa, kuma Bappa ya yi musu alkawari ba za su koma ba sai da bidiyon a hannu. Aikin da yawa, injin ga tsufa. Abin da ya biyo baya daga baya na san shi, daga bakin Abdulhakim da bakin mai waldan da ke maƙwabtaka da su.

Harrison ya ce ya ga wata dabara a waya. A ƙarƙashin kowace ƙwaƙwalwa akwai ɗige-ɗige masu ruwan zinariya, da yawa, kamar an watsa gero. In aka yanki baƙin salatif ɗan mitsitsi aka rufe guda ɗaya daga cikinsu, wanda aka sani, sai allon ya ruɗe, ya ɗauka ƙwaƙwalwar mai sauri ce, ya riƙa kora ta da gudun da ba nata ba. Aikin la'asar sai ya fito da azahar. Abdulhakim ya ce a'a. Ya ce ba tagwaye ba ne, abin da ɗaya ta jure ɗayar ba lalle ta jure ba, ga shi ana tsakiyar bazara, zafin da ko mutum ba ya iya zama a shagon sai ya tuɓe riga. Harrison ya yi dariya ya ce yaron da ya koya wa riƙe sukundireba ne yau yake karanta masa.

Washegari Abdulhakim ya ɗora aikin ya tafi ɗaukar wani suna a ƙauye, inda waya ba ta shiga. Yana juya baya Harrison ya kashe injin, ya buɗe, ya manna salatif ɗinsa a duka biyun. Da ya kunna kuwa ta yi gudu. Ya kira mai walda da mai caji su zo su gani, yana nuna musu lambobi suna hawa. Mai waldan ya ce masa, Oga, wannan in ka sa mata taya za ta riga mota zuwa Numan. Rana tana tsaka sai wari ya tashi, hayaƙi ya biyo baya daga gefen ƙwaƙwalwa ta biyu, fanka ta tsaya.

Ranar nan da yamma Bappa Bobboyi ya tsaya da motarsa a bakin shagon, ya sauke gilas, ya tambayi ina Abdulhakim, ina aikin. Janareton mai walda yana ta ruri. Harrison ya sunkuya a tagar motar ya ce:

"Baba, wahala ya faru. Na Abdul ɗin, ƙwaƙwalwan shi ya ƙone. An ƙara mishi gudu, ya sha fiye da ƙarfin shi, ya yi zafi, shi ke nan ya ɗauke."

Bappa ya tambaya ko dama yana sha ne.

"Ai dama yana sha sosai, Baba. Kowa a layin nan ya sani."

Wuta yake nufi. Injin nan in an kunna shi ƙaramin janareto sai ya yi tari. To amma ku dubi Hausarmu ta nan. A Jimeta akuya shi ce, mota shi ce, matar mutum ma shi ce. Ni uwata daga unguwar Hausawan Mubi take, ita ta gyara mini harshe da zagi, amma ni ma in na shiga kasuwa haka nake yi. Da Harrison ya ce ƙwaƙwalwarta, da ya ce ta sha, da babu abin da zai faru. Shi kuma Bappa da Fillanci yake mafarki, Hausa ta ofis ce da kasuwa a wurinsa. Kuma babu wanda bai san abin da ake nufi da ƙara gudu ba a garin nan, ƙwayoyin da samari ke haɗiya don su wuni a kan keke ba gajiya. Ya ɗaga gilas ya ja motarsa.

Wannan ta farko ban riƙe Harrison da ita ba. Harshe ne, kowa yana tuntuɓe da shi.

Abdulhakim ya dawo ya tarar da injinsa a buɗe. Bai ce wa Harrison komai ba, maigidansa ne. Ya zare ɗan abin da aikin yake ajiye a ciki, Allah ya sa wuta ba ta kai can ba, ya yi ta yawo shago-shago yana roƙon a ara masa inji. Kafin ya gama mutanen Garwa sun koma hannu wofi. Ya kai bidiyon gidan Bappa da kansa, idonsa jawur don rashin barci, ya rame, yana ba da haƙuri yana in'ina. Aka karɓa a zaure, ba a ce ya shiga ba. Ya ɗauka fushin jinkiri ne. Ni ma haka na ɗauka.

Rannan ina tsakar gida ina murza tunkuza, hannuna duk mai, sai ga mata biyu daga gidan Bappa da ɗan keke yana shigo da kaya. Na gane kwandon, ni na ɗaure shi. Goron ya bushe, alawar ko buɗe ta ba a yi ba. Suka gaishe ni da ladabi, har ƙasa. Babbar ta ce Bappa ya ce a ajiye wannan a wurina tukuna, har Allah ya ba yaro lafiya, lafiya ita ce gaba da komai. Na ce wane yaro? Ta dubi 'yar'uwarta. Ta ce in yi haƙuri, su ma iyaye ne, sun san yadda uwa take rufawa.

Matan gidanmu duk suna tsaye, har da masu jiran mai da kwalabensu. Na rasa inda zan sa hannuna. Na goge a zani, na karɓi kwandon, har na ce musu an gode. Wannan an gode ɗin tana cikin abin da ke hana ni sukuni.

Yusra ce ta kira Abdulhakim a ɓoye ta faɗa masa abin da ake cewa. Ta ce ta gaya wa Bappa inji ne, ta rantse, aka ce mata yarinyar da ke so ba a tambayarta shaida. Abdulhakim ya sa manyan kaya ya je. Ya durƙusa yana bayanin ƙwaƙwalwa biyu a kan allo ɗaya, gumi yana zuba, su kuma suna kallon idonsa da hannunsa. Ya ce a kai shi asibiti a gwada jininsa. Bappa ya ce ba a kai nan ba, shi ba daga bakin maƙiyi ya ji ba, daga bakin wanda ya rene shi a sana'a ya ji, har sau biyu.

Sau biyun nan ne ya tsaya mini. Na sami Keturah a ɗakinta na ce, Maman Hari, ki dubi Allah ki gaya mini me ɗanki ya ce a karo na biyu. Ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Sannan ta faɗa, don ita ba ta iya ƙarya ba. Bappa ya yi bincike, kamar yadda ake yi, har ya ji ƙishin-ƙishin a kan Malam. Sai ya koma wurin Harrison, ya sa shi a mota, ya kashe rediyo, ya tambaye shi a fili: yaron nan yana shan ƙwaya ko ba ya sha, kuma gaskiya ne ubansa ya taɓu? A nan Harrison ya gane kuskuren da aka yi. Babu janareto, babu hayaniya. Kalma ɗaya ta isa. Amma Bappa ne yake sama masa gyaran injinan ofishinsu, kuma Bappa yana cike da haushin kunyar da ya sha a gaban baƙinsa. In Harrison ya ce inji ne, tambaya ta gaba ita ce wa ya ƙona shi. Sai ya ce shi ba ya son shiga maganar iyali, amma baban shi kam ya yi fama kafin ya mutu.

Keturah ta ce ta mare shi da ya faɗa mata, ƙato da gemunsa. Na ce marinki bai kai Yola ba.

Na yafa mayafi na tafi shagon. Yana zaune ya sa tabarau yana leƙa cikin wata waya. Da ya gan ni ya miƙe ya jawo kujera.

"Mama, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Wa ya ƙona injin?"

"Mama, no vex, abu ne na inji, ba za ki gane ba. Injin ya tsufa, ko ba ni ba zai mutu."

"Na ji. Ƙwaƙwalwar wa ta ƙone, ta ɗana ko ta ƙarfe?"

Mai waldan ya kashe wutarsa ya ɗaga gilashin fuskarsa. Harrison ya ce shi bai taɓa cewa Abdul yana shan ƙwaya ba, a kawo Littafi ya dafa. Ya ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ƙwaƙwalwa ya ƙone, Baba kuma ya yi fama, wanne ne ƙarya a ciki? Na ce to ka tashi mu je ka maimaita gaskiyar, amma ka fara da salatif. Ya ce yau yana da aikin mutane, gobe da safe. Mai waldan ya ce, Oga, wannan goben a ƙara mata gudu mana. Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba.

Gobe ta zo, wai ya tafi Numan ganin kawunsa. Ya dawo, wai zazzaɓi. Daga nan ya daina kwana a gida, in ya hango ni daga nesa sai ya bar shagon ya zaga ta baya. Abdulhakim kuwa ya kwashe 'yan kayansa ya dawo da su ɗakina, har da mataccen allon. Ya daina fita sai masallaci. Na shigo wata rana na same shi zaune ya fuskanci bango. Tunani kawai yake yi, na sani. Na daka masa tsawa na ce ya juyo. Ya juyo ya dube ni, ya gane abin da na tuna, ya sunkuyar da kai.

Shi ne na ce ya nuna mini abin da aka yi wa injin. Ya ɗaga wani ɗan maƙulli a kan allon ya ciro ƙwaƙwalwar da ta mutu, ya juya ta, ya kai ta kusa da idona a bakin ƙofa inda haske yake. Na ga ɗige-ɗigen, na ga ɗan baƙin salatif, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya nuna mini inda allon ya yi baƙi a gefen mazaunin. Na sunsuna, har lokacin yana warin ƙonewa. Na ce a raina ai wannan ko makaho ya shinshina ya san ƙarfe ne ya ƙone.

Ban gaya masa ba. Da ya tafi sallar azahar na naɗe allon a tsohon zani, na ƙulle ƙwaƙwalwar a bakin mayafina, na hau keke zuwa cikin Yola.

Aka shigar da ni wurin mata. Uwargidan Bappa tana zaune a kan darduma da wasu baƙi, ana shan shayi. Aka ba ni ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, gida, gajiya, zafi, jikin yaro. Na ce jikin yaro ne ya kawo ni. Na kwance zanin na ajiye koren allon a tsakiyar tabarma, kusa da butar shayi.

Na shirya maganata tun a keke, amma da na ga idanunsu sai ta watse. Na ce wannan shi ne mai ƙwaƙwalwa biyun. Na ce ɗaya a nan take zama, ɗaya a nan, ba tagwaye ba ne. Na ce an rufe mata ido ɗaya ne don a ruɗe ta ta yi gudu. Ina jin abin da ke fita daga bakina, ina jin yadda yake sauka a kunnensu. Na ce su sunsuna. Babu wadda ta motsa. Na ɗaga allon na miƙa wa wata tsohuwa kusa da hancinta, ta ja da baya ta riƙe mayafinta.

Na ce bari ku ga salatif ɗin. Na kama kwance bakin mayafi, ƙullin ya cije. Da ya kwance sai abin ya suɓuce ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin kujera. Na durƙusa da gwiwa da hannu ina laluba, ni da shekaruna, a gidan surukai, baya a sama. Na same shi. Na juya shi, na kai shi haske. Salatif ɗin babu. Ko a mayafin ya maƙale, ko a ƙasa ya faɗi, Allah ya sani. Na shiga shafa tabarma da tafin hannu ina cewa yanzun nan yana nan, ɗan baƙi ne, ƙarami, ku ɗaga ƙafarku.

A nan na ji ɗaya daga cikin baƙin ta ce da Fillanci, a hankali, ashe har uwar. Wai ni da na girma a Mubi za a ɓoye wa magana da Fillanci. Na zauna a kan dugadugaina da ɗan ƙarfen a hannu.

Uwargidan ba muguwa ba ce. Ta matso ta dafa gwiwata, ta kira ni uwar Abdul da yarensu, ta ce, "Dada Abdul, tsakaninmu mata, da me Malam ya rasu?"

Na ce hawan jini. Bakina ne ya faɗa, ya saba. Suka dubi juna. Abin da ya kamata in ce shi ne mutumin nan ya ga an yanka ƙaninsa yana tsaye, kuma ba a gadon wannan, ba ya bin jini. A keke ina komawa na faɗe shi, ga iska.

Bappa Bobboyi ya shigo da aka gaya masa. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ni da girmamawa, ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba, ƙarfe kuma ba ya magana. Ya ce amanar marainiya ce a wuyansa. In wanda ya faɗa masa ya zo da ƙafarsa ya ce ba haka ba ne, ya faɗi yadda aka yi, to za a zauna. In bai zo ba, bayan Sallah Yusra za ta tafi Garwa wurin goggonta ta huta da surutun mutane. Sannan ya kira mai keken gidan, ya ce masa da Fillanci ya kai ni har ƙofa, kada ya sauke ni a hanya, kuma ya tabbata ya damƙa ni a hannun wani.

Haka aka yi. Mai keken ya ƙi tafiya sai da Keturah ta fito ta ce ta karɓe ni. Ta karɓi ƙunshin daga hannuna. Muka zauna a bakin murhu, ita tana kuka, ni ko hawaye babu. Yanzu in na fita da mai sai in ga kamar kowa ya ji. Wata mai sayen ƙuli-ƙuli ta shekara da shekaru ta fara ƙirga canjinta sau biyu a gabana. Keturah ta daina zuwa ƙungiyar matan cocinsu, wai ba ta da fuskar da za ta kai. Mu biyu muna gida ɗaya muna kunyar haɗa ido, alhali babu wadda ta ƙona komai a cikinmu.

Azumi ya kusa. Harrison, na san za a kai maka wannan maganar duk inda kake kwana. Ban ce ka sayo wani inji ba, ban kai ka wurin 'yan sanda ba, albarkacin uwarka. Ka yi wanka ka sa rigarka ta zuwa coci, ka zo ka same ni a ƙofar gida, mu hau keke ɗaya. Ka tsaya a zauren Bappa Bobboyi, a gaban mazan gidan, a buɗe ƙofar ciki mata su ji. Ka faɗi wanda ya yanka salatif, ka faɗi wanda ya ce kada a yi. Ka faɗi abin da ka gane a cikin motar nan ka haɗiye. Sannan ka gaya mini, a gabansu, wa ya ba ka izinin ɗauko ciwon Malam Hamman daga kabarinsa ka kare kanka da shi. Ina jiran amsarka kafin a ga wata.